Wa Zai Taka Mini Feda

Paris, 11 ga Janairu, 1993

Maigidana Armand,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jikin? Yaya kwanan gidan jinya, yaya sanyin Autun? Na ji a rediyo dusar ƙanƙara ta sauka a wajenku, saboda haka in sun kawo bargo na biyu ka karɓa, ban da gardamar nan taka. Ina gaida Yaya Solange, tunda ita ke karanta maka. Sannu da ɗawainiya, Yaya. Ki karanta yadda na rubuta, kada ki tsallake inda bai yi miki ba, na san halinki.

Ni lafiyata ƙalau, kuma abin da ke damun mutane ke nan. Ina ci, ina barci, ina ba furanninka ruwa. Matar bene na ƙasa ta hawo mini da miyar kabewa, ta tsaya a bakin ƙofa tana leƙen idona ko za ta ga hawaye. Na shanye miyar, na wanke tukunyar na mayar mata. Tun watan Nuwamba ban yi kuka ba, Armand. Ba dauriya ba ce. Na laluba ne ban tarar da komai a wurin ba, kamar dasashin da likitan haƙori ya yi wa allura.

Likitanka ya ce ba ka tuna ranar Lille, ya ce a riƙa ba ka labarin ko wani abu zai dawo. To ga shi. Amma sai na fara yi wa Yaya bayani, don shekara talatin da huɗu ke nan tana zuwa wasanmu tana gyangyaɗi a layin gaba. Yaya, in mutum biyu suna kaɗa fiyano ɗaya, na hagu ke da muryoyi masu kauri, na dama ke da sirara masu rera waƙar. Fedar da ke ƙasa kuwa, wadda in an taka ta sauti ke ci gaba da amo bayan an ɗaga yatsa, ƙafa ɗaya take so, kuma ta wanda ke zaune a hagu ce, haka muka tarar ana yi. Ƙanenki ne na hagu. Ni tun ina da shekara ashirin da shida ƙafata ba ta da aikin yi sai ɗaukar jan takalmi mai tsini, wanda 'yan jarida suka fi yin rubutu a kansa fiye da yatsuna.

Ranar Lahadi ce da la'asar, zauren ya cika maƙil. Mun kai tsakiyar kiɗan nan mai sanyi da muke kira Ruwan Safe, sai na ji sauti ya fara cakuɗewa. Ka taka feda ba ka ɗaga ba. Wannan murya ta hau kan waccan, ta gaba ta zo ta hau kansu, har kiɗan ya dame. Ban juyo ba, na ce maka ƙasa-ƙasa yadda muka saba: "Armand, ƙafarka." Hannunka na hagu yana ta tafiya daidai, na daman ne ya tsaya a kan madannai. Can sai na ji nauyinka a kafaɗata. Ka san yadda aka hore mu, ko rufi ne ya faɗo ba a tsayawa a tsakiyar layi, don haka na kai ƙarshen layin kana jingine da ni, sannan na ɗaga hannu. Fiyanon bai yi shiru ba, saboda har lokacin ƙafarka na kan feda. Wani likita daga cikin masu sauraro ne ya hau dandamali ya ɗauke ta da hannunsa. Sauran ka sani, ɓarin dama ya tafi, magana ta tafi.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Delmas ya zo jiya, hula a hannu kamar mai zuwa ta'aziyya. Tun da ya fara shirya mana wasanni ban taɓa ganin ya cire hular nan a gidanmu ba. Ya soke komai, saura guda ɗaya, na tsohon cocin Montclary a watan Yuni. Ya ce sun yarda su jira ni, ko in zo da wani abokin kiɗa, ko in zo ni kaɗai. Ya kuma ce, da ladabinsa, mace mai shekara sittin in ta ɓace shekara guda ba a sake cigiyarta, kuma in na bar Montclary ta wuce ba shi da sauran ƙofar da zai ƙwanƙwasa mini. Na ce zan yi tunani. Da ya fita na zauna in yi tunanin, sai na tsinci kaina ina kallon bango.

Yaya ta ce har yanzu kalma ɗaya ce ta rage a bakinka, "tukuna". Ita kake ba nas, ita kake ba miya, ita ka ba Fada da ya zo duba ka. Saboda haka ba zan nemi shawararka ba, na riga na san amsar.

Allah ya ƙara sauƙi. Ka ci abinci.

Taka ta gefen dama,
Odile

Paris, 20 ga Fabrairu

Armand nawa,

Ina gaishe ka, ina gaida Yaya. Yaya ƙarfin jiki? Yaya ta rubuto cewa ka fara riƙe cokali da hagu, madalla. Ta ce kuma ka jefi mai motsa maka gaɓoɓi da shi. Wannan ya fi tabbatar mini kana nan.

Na gaya wa Delmas zan gwada ni kaɗai. Ba wai ina so ba ne. Ba na so, ba na ƙi. Na ga dai in ban ce wani abu ba, haka zai yi ta zuwa yana murza hula a falo.

Matsalar farko benci. Ka san fatarsa ta lotsa a wuri biyu, naka da nawa, kuma naka ya fi zurfi, ba sai na faɗi dalili ba. Mai kiɗa shi kaɗai a tsakiya yake zama, tsakiyar kuwa tudu ce. In na ɗare tudun na fara, sai in yi ta zamewa a hankali har in koma ramina, in ga hannun hagu yana miƙewa yana neman muryoyin da suka yi masa nisa. A ƙarshe na jawo kujerar kicin, na tura bencin jikin bango.

Hannuwan ba su da laifi. Abin da na haddace tun muna makaranta yana nan, na hagun ya ɗan yi ƙiwa amma ya dawo hanya. Ƙafar ce. Ba ƙa'idar ce ban sani ba, ɗan shekara bakwai ma ya san ta: yatsa ya sauka, ƙafa ta biyo baya. In na sa hankalina a kanta tana yi, amma irin na mai taka keken ɗinki, kuma nan take hannuwan su rikice. In na mayar da hankali kan waƙar sai ta kwanta a ƙasa abinta, kunnena na jiran amon ya zo da kansa yadda ya saba zuwa. Sai in kai ƙarshen shafi in ji kiɗan a bushe ƙayau, kowace murya ta mutu da zarar na ɗaga yatsa. Jiya na kama kaina na juya hagu zan yi maka masifa.

Ka tuna abin da suke rubutawa, wai fiyano na waƙa a hannun Odile Vauquelin? Na sa faifanmu na saurara, sannan na tashi na kaɗa layin ni kaɗai. Ba a hannuna yake waƙar ba. Ban ji haushi ba, ban ji kunya ba. Na dai lura, na tashi na dafa ƙwai.

Asibitin Lille sun aiko da kayanka a cikin leda, baƙar kwat da agogo da takalma. Na juya na ƙafar dama, na ga tafinsa ya cinye a wuri guda, daidai ƙarƙashin babban yatsa. Sau nawa ka kai shi wurin baduku ina yi maka tsiya ina cewa ka sayi sabo? Na zura ƙafata a ciki na gwada ko shi ya san aikin. Yaya, dariya kike yi, ina jin ki daga nan. Ya yi mini yawa, ya fice ya bar ni. Sai na je na sayo baƙin takalmi marar tudu, irin na sistocin coci. Mai shagon ta gane ni, ta tambaya ina jan, na ce mata ya yi ritaya.

Robar nan da kake jiƙa ƙafa a ciki da ruwan ɗumi da gishiri bayan kowane wasa, ina ce maka tsoho mai son jiki, na gaji da tuntuɓe da ita a banɗaki. Na kai ta kicin na zuba dankali a ciki.

Yaya ta tambaya yaushe zan zo. Zan zo. Zuwan Kirsimeti ka ga yadda aka yi, na zauna a gabanka ina ba ka labarin mai gyaran famfo, kai kuma kana kallon hannuna. A takarda na fi iya yi maka magana, ka yi haƙuri da ni.

Allah ya ba ka lafiya.

Matarka,
Odile

Paris, 22 ga Maris

Maigida,

Barka da fitowar rana, in ta fito a wajenku. Yaya jiki, yaya barci? Yaya Solange, ina fata tarin ya sake ki. Ki sha zuma, ki rage faɗa da nas-nas, su ma 'ya'yan wasu ne.

Delmas ya zo ya saurare ni. Na kaɗa masa rabin abin da na shirya. Da na gama, furanninka kawai ya yaba. Bayan kwana kaɗan sai ga Ghislaine Aubertin a ƙofa. Ka tuna ta ai, 'yar ajinmu wadda ta ƙwace mini lambar farko a shekarar ƙarshe, ba ta kuma bar ni na manta ba har yau. Shi ya turo ta mu gwada ko za ta zauna a wurinka a Montclary. Yaya ta ce da ta faɗa maka ka ce tukuna, amma a ranar haka ka ce wa mai aski ma.

Ta shigo da warin tabarta da ƙatuwar jakar nan, ta sumbace ni a kunci biyu, ta ce na rame. Na ce ita kuwa ba za a yi mata wannan ƙazafin ba. Muka jawo benci. Ta zauna a raminka ta gyara zama, ta ce wanda ya haƙa shi mutumin kirki ne, ya yi mata daidai. Na tsaya ina kallonta a wurin, ina jira in ji wani abu ya motsa a ƙirjina. Ba abin da ya motsa.

Kafin mu fara ta tambaye ni wa ke ba da alamar farawa, ni ko na hagu. Armand, wa ke bayarwa? Ni dai na san mukan ɗora hannu mu fara, shi ke nan. Sai ta ce to za ta ƙirga. Ta ƙirga mini ɗaya, biyu, kamar 'yar makaranta, muka shiga.

Gaskiya ɗaya ce, ta iya. Fedarta tsaf, ba datti, ba ta makara ba ta riga. Inda hannuwa ke gittawa ne muka yi ta karo, don kai ta ƙasa kake wucewa, ita ta sama take bi, har zobenta ya karce ni. Wannan duk abin gyarawa ne, mako biyu ya isa. Amma da muka zo Ruwan Safe, daidai layin nan na Lille, hannuwana suka tsaya. Ba tsoro na ji ba, ba tunani na yi ba. Sun tsaya ne kawai, na zuba musu ido. Muka koma baya, suka sake tsayawa a wurin.

Ghislaine ta rufe takardar kiɗan, ta kunna taba ba ta ko nemi izini ba. Ta ce: "Odile, ba saurarona kike yi ba. Jira kike yi, kuma wanda kike jira ba ni ba ce." Ta ce da a makaranta ne da tuni na zage ta tas a kan zoben nan, ta fi son waccan Odile ɗin, wannan ta yanzu tsoro take ba ta. Na ce ni ma na nemi masifar ban san inda na ajiye ta ba. Muka ci burodi da cuku a kicin, ta ba ni labarin duk wanda ya mutu da duk wanda ya saki matarsa a cikin 'yan ajinmu. Da za ta tafi ta ce za ta bar ranar Yuni a buɗe ko da zan canza ra'ayi. Mutuniyar kirki ce, abin haushi.

Na buga wa Delmas waya na ce ba wanda zai zauna a hagu. Ko ni kaɗai, ko a fasa. Ya ce bayan Ista za a buga takardun talla, yana son amsa ta ƙarshe kafin nan, kuma in ƙafar ba ta tashi ba gara in fasa da mutuncina. Bai yi ƙarya ba. Ina zama a kujerar kicin tun safe har rana ta juya, ƙafar tana nan yadda ka san ta.

Zan zo Ista, a jirgin ƙasa na safe. Yaya, kada ki yi wahalar girki, kuma na san za ki yi.

Ka huta lafiya.

Odile

Paris, 14 ga Afrilu

Armand,

Na iso gida lafiya. Ina fata gajiyar baƙi ta sake ka. Yaya, na gode da naman ragon, ragowar da kika cusa mini a jaka ta yi wa takardun kiɗana maiƙo, Allah ya saka.

Kana wurin, amma akwai abin da ban sani ba ko ka sani, shi ya sa zan ba ka labarin abin da aka yi a gabanka.

Ka ga dai yadda yayarka ta yi mini. Ba ta gaya mini ta yi wa shugabar gidan alkawarin zan yi wa marasa lafiya kiɗa ba, sai da na ga ana jera kekunan marasa lafiya a ɗakin cin abinci. Fiyanon kuma ka gan shi, tsohon akwati a jikin bango, da tukunyar fure a kansa, madannai biyu sun mutu, sauran kowa da inda ya nufa. Wata tsohuwa ta ja mini riga ta ce in yi musu na rawa. Na zauna don ba ni da ƙarfin musu. Aka ajiye ka a bayana kaɗan, ta hagu, kusa da taga.

Na ɗauko mai sanyin da nake shiryawa don rufe wasan Montclary. Ban yi nisa ba na fara jin wani ƙiiƙ, ƙiiƙ. Na ɗauka ƙofa ce. Ya tafi, ya dawo, ya sake dawowa. Na saci kallo ta gefen ido in ga wane ne, sai na ga matakin kekenka ne. Ƙafarka ta hagu, cikin silifas, tana sauka tana tashi. Ta hagu fa, wadda ba ta taɓa yin wannan aikin ba. Fuskarka tana nan yadda take tun Nuwamba, idonka a kan kafaɗata.

Ka san ban taɓa ganin ƙafarka tana aiki ba? Duk shekarun nan tana ƙarƙashin fiyano, ni ina sama ina karɓar tafi.

Na ce bari in bi ta. Na kasa, don ba ta tafiya da bugun kiɗan yadda na zata. Wani wuri ta riga ni, wani wuri ta yi jinkirin da har na fid da rai. Na yi ta lalube har Allah ya sa na ji kaina na ja numfashi, ƙarar ta zo tare da shi. Na sake ja, ta sake zuwa. Armand, numfashina kake bi. Shekara da shekaru kana yi mini tsiya wai in na shiga mai sanyi ina huci kamar saniya, ashe da hucin kake aiki. Ashe shi ne alamar farawar da Ghislaine ta tambaya na rasa. Damtsenka na jikin haƙarƙarina, in na ja ka ɗaga, in na sauke ka taka, ni kuwa ina zaton haka fiyano yake.

Sai na bar ƙafata ta bi numfashin, na daina yi mata ƙirga. Layi uku ko huɗu, wannan mugun akwatin ya yi waƙa. Daga nan na lura ina yi, ya kuɓuce. Da na kai ƙarshe na ɗaga ƙafa, ka ce: "Tukuna." Duk ɗakin aka yi dariya, har tsohuwar mai son rawa, don kowa ya san kalmarka ce. Ni ban yi ba. Ban sani ba ko nufinka na yi saurin sakin muryar ƙarshe, ko kuwa miya kake nufi. Na yi saurin, wannan kam gaskiya ne.

A jirgi na zauna ina jira in ji wani abu, tunda abin ji ya faru. Har muka wuce gonaki muka shigo gari, yunwa kawai na ji, na ci naman Yaya da hannu.

Amma na buga wa Delmas na ce ya buga takardun. Ya karanto mini yadda za a rubuta, sunana shi kaɗai. Na ce ya yi gajarta. Ya ce haka sunan mutum ɗaya yake.

A gaida mai motsa maka gaɓoɓi, ka daina jifansa. Yaya, ki ce masa ya kula da ƙafar hagun nan.

Taka,
Odile

Paris, 22 ga Yuni

Maigidana, abokin zamana,

Gaisuwa da fatan ka tashi lafiya. Yaya zafi a wajenku? Yaya Solange, ki zauna kafin ki fara wannan, kuma in muryarki ta ƙi, ki huta ki ci gaba, amma ki kai ƙarshe.

An yi Montclary ranar Lahadi da la'asar. Cocin na nan da sanyinsa, tsuntsaye na shiga da fita ta saman ƙofa. Ya cika, amma kada ka ɗauka don ni ne. Rabinsu sun zo ganin yadda matar Armand Vauquelin za ta yi ne, na gani a yadda suke gaishe ni da murya ƙasa-ƙasa. Ghislaine na layin gaba, a wurin gyangyaɗin Yaya, da jakarta a cinya. Sun ajiye mini ɗan benci na mutum ɗaya. Na fito da takalmin sistoci, na ji wata mata ta ce wa ta kusa da ita, ina jan?

Kiɗa na farko ya tafi da takun keken ɗinki, amma ya tafi. A na biyu ƙafar ta kwanta, shafi guda cur na kaɗa a bushe, na ji wani ya yi tari irin na tausayi. Na ce a raina to shi ke nan, Delmas ya faɗa. Ban ji tsoro ba. Ina cikin tunanin jirgin da zan bi in koma gida ne na ji wani huci yana dawowa daga rufin cocin. Ka san yadda wurin ke mayar da kowane sauti. Nawa ne. Saniyarka ce, a gaban jama'a. Na bi shi, ƙafar ta tashi, ba ta sake kwanciya ba.

Da na zo muryar ƙarshe ta mai sanyin ban ɗaga ba. Na riƙe har amon ya sirance, na riƙe har ya ƙare, na ƙara riƙewa bayan ya ƙare. Sannan na saki.

Suka yi tafi, suka miƙe. Na tashi na zo gaban dandamali, sai hannuna na hagu ya fita da kansa, a buɗe, yana jiran naka yadda muke yi mu rusuna tare. Ban aike shi ba. Ya tsaya a iska, ni ina kallonsa, jama'a na kallonsa, tafin ya fara raguwa. Na rasa inda zan kai shi. Can na tuna masu kiɗa su kaɗai a gefen fiyano suke ɗorawa, na ɗora shi a nan na rusuna.

A ɗakin canza kaya Ghislaine ta ce shafin nan na bushewa abin kunya ne, sauran kuwa ba ta yafe mini ba. Delmas ya shigo da hularsa a ka. Ya ce Lyon na so a watan Oktoba, wataƙila da Geneva. Na ce to. Har lokacin ba abin da na ji, na yi ta gaisawa da mutane ina godiya.

Jiya na dawo. Ina hawa bene sai ƙafar dama ta ƙi. Daga babban yatsa har sha-raɓa kamar an ɗaure da waya, da kyar na kai ƙofa ina riƙe da bango. Na shiga kicin na juye dankalin nan a ƙasa, na ɗora ruwa, na zuba gishiri, na zauna a kujera na tsoma ƙafar a robarka.

Armand, ashe ciwo take yi. Ashe duk daren da na ce maka tsoho mai son jiki, haka kake ji, ka yi dariya ka ce in miƙo maka tawul. Shekara talatin da huɗu, ba ka taɓa cewa komai ba.

A nan abin ya zo. Na yi kuka har ruwan ya huce, na ƙara na zafi na ci gaba. Na yi na Lille, na yi na Kirsimeti, na yi na hannun nan da ya tsaya a iska. Matar bene na ƙasa ta jiyo, ta hawo da miya, ta samu abin da take nema tun Nuwamba. Ina kewarka. Yanzu na san ina kewarka, kuma babu daɗi ko kaɗan, amma ba na so a mayar da ni inda na fito.

Na karɓi Lyon. Sai dai ba a kujerar kicin zan shirya shi ba. Yaya, ki share mini ɗakin baya, ina zuwa ranar Asabar, kuma sai kaka zan tafi, ki fara haƙuri tun yanzu. Ki gaya wa shugabar gidan ina son mugun akwatin nan kullum bayan abincin rana, a sauke tukunyar furen, a ajiye mini mijina a hagu, kusa, inda zai ji hucin da kyau. Akwai wurare a sabon kiɗan da ban san inda ake ɗagawa ba.

Sai na iso. Allah ya tashe mu lafiya.

Taka ta gefen dama, da ƙafa a ruwa,
Odile

Yaya, na ga a takardarki kin ce nas ta ce za a kawo masa sabon keke mako mai zuwa, mai laushi, marar ƙara. Ki tsaya a kan tsohon nan da duk masifar da Allah ya ba ki. Kada su canza shi, kuma kada ki bari kowa ya ɗiga masa mai.